Hajiya, ba rashin ruwa ya kashe fulawar nan ba

Cikin duk fulawoyin da nake sayarwa a ɗan lambuna a nan Kano babu wadda ta jawo min rigima da kwastoma kamar kuroton, wannan mai ganye ja da ruwan ɗorawa da kore kamar an yi masa fenti. Mutum zai zo ya ga kala ta tsuma shi, ya saya, bayan sati uku sai ka ga mota ta tsaya an sauko da tukunya, sanda ce kawai a tsaye, ganye duk ya zube. Wai Malam ka sayar min da mara lafiya.

Tambayata ɗaya ce kullum, a ina kika ajiye shi Hajiya? Sai a ce a falo, gefen talabijin. To falon nan labule mai kauri ne a sake tun safe har dare, ga esi yana hura shi ba ƙaƙƙautawa. Hasken ƙwan lantarki da ke kai ai ba ya isarsa. Asalin itacen nan daga can yankin Malesiya da Indunusiya yake, ƙasar ruwa da lema da haske mai yawa, kuma kalar nan da aka biya kuɗi saboda ita haske ne ke fito da ita. In ya rasa haske sabon ganye sai ya fito kore zalla, reshe ya yi ta miƙewa siriri yana neman taga, daga nan ganyen ƙasa ya fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai mai gida ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta bulbula ruwa, saiwa ta ruɓe, shikenan.

Wani kuma in ka ce masa yana son rana sai ya kwashe shi daga ɗaki ya dire a tsakar gida kan siminti cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Kwana biyu ganyen ya ƙone ya yi fari-fari kamar an goga masa dutsen guga. Ranar Kano ta bazara ba ranar Legas ba ce jama'a.

Ni a wajen wani dattijo na koyi aikin nan, tsohon gadina ne, wato mai kula da lambu, da ya yi shekaru yana aiki a gidajen Nasarawa GRA, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro nake jawo masa ruwa a jarka. Bai taɓa karanta littafin shuka ba amma in ya shiga gida kafin ya sauke tukunya sai ya tambayi ina gabas. Ya kan miƙa tafin hannunsa a wurin da ake son ajiyewa ya duba inuwar a ƙasa, in yatsu sun fito ana iya ƙirga su ya ce nan ya yi, in inuwar ta dushe ya girgiza kai ya ce "yaro ɗauko mu canza wuri." Ranar da na bar masa kuroton goma sha biyu a rana na tafi kallon ƙwallo, bai zage ni ba, sa ni ya yi na tsinke ƙonannun ganyen da hannuna ɗaya-ɗaya, farin ruwan nan nasa mai ƙaiƙayi ya ɓata min hannu har dare ina susa. Har yau ban ƙara ba.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya saya a wajena, in cikin gida ne a sa shi dab da tagar gabas ya sha ranar hantsi, a ɗaga labule, a riƙa juya tukunyar duk sati don kar ya karkata gefe guda. In waje ne baranda ko ƙarƙashin darbejiya inda rana ke ratsowa, ya samu ta safe, ya tsira daga ta azahar. In za a fitar da na ɗaki waje a bi a hankali, awa ɗaya yau, gobe a ƙara kaɗan, har kamar sati biyu. Da hunturu kuma ƙura ke lulluɓe ganyen ta tare haske, a samu tsumma mai laushi a jiƙa a goge.

Nawa duk ni nake yanka su in dasa a leda, su yi sati biyar zuwa shida ƙarƙashin raga har saiwa ta kama, sannan in fara saba musu da rana. Shi ya sa raina ke ɓaci in aka ce min ai a bakin titi rabin kuɗin nan ne. Je ka ja ɗaya daga cikin nasu a hankali ka gani, reshe ne aka yanko shekaranjiya aka soke a ƙasa, ko saiwa ɗaya babu. Wasu kuma daga kudu aka loda su a mota, ba su taɓa ganin ranar arewa ba. In ya mutu kuma wajena ake zuwa neman magani, a kuma tsaya ana tayi kamar ana sayen tumatir a 'Yan Kaba.

Wata Hajiya dai da ta dawo min da nata ya zama sanda, na karɓi sandar tata, na kankare bawon da farce na ga akwai kore a ciki, na rage ta na ajiye a bayan raga. Jiya na ga 'yan toho uku sun leƙo, na tura mata hoto a WhatsApp, na ce in za ta zo ɗauka ta fara turo min hoton tagar da za ta ajiye shi.