Abin da gasar harbin farantin ƙarfe ta koya mini a aikin lantarki

A ƙasar nan da an ce bindiga, hankali kan 'yan fashi da masu garkuwa da mutane yake tafiya, kuma mutane da gaskiyarsu. Mu 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12, da wuya ka sami wanda ba shi da ɗan'uwa a gida da wannan masifa ta taɓa. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma ni ban zo neman a sassauta ta ba. Sai dai Allah cikin ikonsa, darasin da ya fi yi mini amfani a aikina, a filin gasar harbi na samo shi.

Ina shugabantar sashen gyara a wata masana'antar robobi a Ikeja, inda injunanmu ke cin wutar bolt 415. Kamfani ya tura ni birnin Houston na jihar Teksas don koyon wani sabon inji, wani abokin aiki na can ya gayyace ni kulob ɗinsu ranar Asabar. Ban taɓa bindiga ba. Tabarau da abin toshe kunne aka ba ni, sai gwangwanin farin fenti, aka ce in taya su fesa wa farantai bayan kowane maharbi ya gama, don a riƙa ganin inda harsashin na gaba ya sauka.

Steel Challenge ake kiran wasan. Mike Dalton da Mike Fichman ne suka ƙirƙiro shi a kudancin Kalifoniya a 1981, ƙungiyar wasan harbi ta Amurka mai suna USPSA ta saye shi a 2007. Farantai 5 na ƙarfe mai tauri ake kafawa a kowane mataki, wasu zagayayyu masu faɗin inci 10 ko 12, wasu masu kusurwa huɗu, inci 18 da 24, a nisan da ya kama daga yadi 7 zuwa yadi 35. Maharbi zai bugi huɗu yadda ya ga dama, amma na biyar, farantin tsayawa, shi ne na ƙarshe. Wata 'yar na'ura a hannun alƙalin fili ce ke yin ƙarar farawa, kuma ita ke jin harbi ta ƙidaya lokaci. Cikakkiyar gasa matakai 8 ce, harsashi 195 in mutum bai kuskure ko ɗaya ba, ko da yake ƙananan kulob kan rage matakan don a tashi da wuri. Gwanayen wasan kan share farantai biyar a ƙasa da sakan 2 a wasu matakan. Kunnenka bai gama jin ƙarar ƙarfen farko ba an riga an gama.

Saurin ya burge ni, amma abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. A rukuninmu akwai wani dattijo mai furfura, aka ce ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin. Alƙaliyar filin kuwa yarinya ce da ya yi jika da ita. Da ya gama harbi sai ta ce, da kalmomin da take gaya wa kowa ba ragi ba ƙari, in ya gama ya cire harsashi ya nuna mata babu komai. Ya zare gidan harsashin, ya ja saman bindigar baya, ya karkata ta daidai idonta bakinta na fuskantar tudun ƙasa. Ta sunkuya ta leƙa, leƙawa ta gaske. Sannan ta ce ya saki, ya danna kunama a wofi, ya mayar kube. Sai da ta ɗaga murya ta ce fili ya zama lafiya muka taka gaba da fentinmu. Dattijon ya san bindigarsa ba komai ciki, ita ma ta san ya sani. Duk da haka ya nuna, ta duba, kuma ban ga alamar ɓacin rai a fuskarsa ba.

A wajenmu nan ne gizo yake saƙa. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya. Amma yaro ɗan koyo ba zai iya duban idon wanda ya haife shi ya ce, "Baba, nuna mini ka kashe wutar" ba. Zai ji kamar ya ƙaryata shi. Sai ya yi shiru ya cusa hannu cikin inji bisa amana. Abin da na gane a filin nan shi ne, tambayar tana zama rashin kunya ne in wani ake zaɓa a yi wa. In kowa ake yi wa, kullum, da kalmomi iri ɗaya, ta tashi daga zargi ta koma tsarin aiki.

Da na dawo Legas, tsarin kulle makunnin wuta da kwaɗo muna da shi a takarda, kwaɗunan na rataye a bango. Na fara da babban mai gyaran wutarmu, mutumin Katsina da ya fara wayarin tun ina firamare. Na same shi bayan sallar azahar, ni da shi, na ce, "Baba, alfarma nake nema. Gobe zan kashe wutar injin niƙa, ina so ka ce in nuna maka a gaban yara." Ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ne oga, ni zan tuhume ka?" Na ce ai saboda haka ne. Washegari na sauke makunnin, na sa kwaɗona, ya ce, "Nuna mini." Na gwada mita a inda na san akwai wuta don a ga tana aiki, na ɗora ta a kan layukan uku ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ya ga sifili, shi ma ya sa nasa kwaɗon, sannan ya ce, "Babu wuta, a shiga." Mako bai zagayo ba na ji wani ɗan koyo ya ce masa, "Baba, a nuna mini," ya miƙa masa mitar ba tare da ya ɗaga kai ba.

Akwai wani abu kuma a lissafin gasar da na daɗe ina juyawa. Kowane mataki sau 5 ake yin sa, a jefar da mafi muni a tara sauran 4, ban da matakin Outer Limits da ake yi sau 4 a ɗauki 3. Wanda ya bar faranti bai buga ba, sakan 3 ake ƙara masa. Wanda komai ya cakuɗe masa, ba a rubuta masa fiye da sakan 30 a zagaye ɗaya. Wato wasan yana da sassauci ƙwarai ga mai jinkiri da mai kuskuren saiti. Amma bakin bindiga ya karkata ya wuce layin kafaɗa zuwa wajen 'yan kallo, ko yatsa ya shiga kan kunama lokacin loda harsashi, ko bindiga ta faɗi daga hannu, ko mutum ya fito da ita a inda ba a ware don haka ba, to gasarsa ta ƙare a ranar, ko da babu wanda ya ji ciwo. Na ga an yi wa wani mai saurin hannu haka. Ya kai kayansa mota, ya dawo ya karɓi gwangwanin fenti ya tsaya tare da mu har aka tashi.

A masana'antu da yawa na garin nan abin a juye yake, kuma yana ƙona mini rai. Lebura ya makara saboda cunkoson Oshodi, a yanke masa kuɗi. Wani ya cire murfin kariyar inji don aiki ya yi sauri, a yaba masa a ce jarumi ne. A sashena na juya lissafin gwargwadon ikona. Wanda gyara ya ɗauke shi lokaci, ko ya ɓata wani ƙaramin kaya, mukan zauna mu duba tare, ba na kai shi gaba. Wanda ya buɗe akwatin wuta ba kwaɗo kuwa, ya ajiye kayan aiki na wannan rana, ko wane ne shi, gobe ya dawo ba tare da an ci masa fuska ba. Na sha jayayya da masu kula da fitar kaya a kan minti goman da gwajin ke ci, kuma ban janye ba.

Inda har yanzu nake fama shi ne lokacin ɗauke wuta. Da NEPA ta ɗauke, sai ka ji wani ya ce, "Oga, ai babu wuta, bari in yi sauri kafin su kawo." Alhali janaretanmu da kansa yake tashi ya karɓi layi cikin 'yan sakanni, ba ya sallama. Yarana sun riga sun saba, ko duhu ne sai sun kulle sun gwada. 'Yan kwangila da ke shigowa aikin dare su ne ba su saba ba, kuma kowane wata sababbin fuskoki ake kawowa. Yanzu na sa an ajiye kwaɗuna a ɗakin maigadi, duk mai shigowa gyara ya karɓi nasa ya sa hannu, kuma Baba ya ɗauki nauyin tsayawa da kowane sabo a aikinsa na farko, shi ya fara nuna masa mitar kafin ya nemi a nuna masa.