Keken ɗinki na nan, mai zama a kansa ake nema

Shagona yana Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, kuma ɗinkin maza muke yi: kaftani, jamfa, wando, babbar riga. Duk telan da ke Kano ya san cewa daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren sallah ake samun cinikin da ke riƙe shago har wata shekarar. A wannan tsakanin kuma ake gane wanda ke da ma'aikata da wanda ke da kekuna kawai. Rashin wuta yana da magani in da kuɗi, ga janareto ga sola. Zare da gam da maɓalli duk suna kasuwa, komai tsadarsu. Abin da ya fi wahalar da ni tun da na buɗe wurin nan shi ne samun mutumin da zan miƙa wa shaddar jama'a da mukulli, in tafi jana'iza a ƙauye hankalina kwance.

Idan muka haɗu mu masu shaguna, maganar ɗaya ce: yaran yanzu ba sa son aiki. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan faɗe ta. Amma bari in fara da yadda aka koya mana, domin akwai rabin labarin da muke yawan tsallakewa.

Mahaifina ne ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidana, Allah ya jiƙansu duka. Abin da ya ce kaɗan ne: "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka." Daga nan na fara da shara da ɗebo ruwa da aike kasuwa. Sai hura gawayi a dutsen guga, sai ɗinka maɓalli da hannu, sai kalmasar ƙafar wando. An daɗe kafin a bar ni in haɗa aljihu, almakashi kuwa shi ne ƙarshen abin da aka yarda in taɓa. Babu albashi, babu wanda ya yi maganarsa. Sai dai abincin ranata daga gidan maigida yake zuwa, kayan sallata shi ke ɗinka min, in na kwanta ciwo shi ke sayen magani. Da lokacin yaye ni ya yi, ya ba ni keken Butterfly, ya tura min wasu daga cikin masu kawo masa ɗinki, kuma shi ne ya shiga gaba tare da baffanina ranar da aka je nema min aure. Biyayyar da muka yi ba a banza muka yi ta ba, mun san inda hanyar ta nufa. Yau da yawa daga cikinmu muna neman irin waccan biyayyar, amma wa ke ciyarwa, wa ke yayewa da keke, wa ke tsayawa a kan auren yaronsa? Kaɗan ne ƙwarai.

Duk da haka, ɓarnar da rashin tsayayyen ma'aikaci ke yi ba ƙarama ba ce. Na taɓa yin wani yaro mai hannu, wuyan riga in ya haɗa sai ka ɗauka da shi aka saƙa yadin. A goman ƙarshe na azumi, bayan la'asar, ya miƙe ya ce, "Oga, ina zuwa, zan karɓo saƙo a Kurna." Ya bar kaftanin wani ango a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a haɗe, ɗayan a kan benci, ga tulin yankakkun kaya da sunayen masu su a rubuce da alli. Wayarsa a kashe. Ni da sauran muka raba aikinsa muka kwana a kai har sallah, kuma duk da haka akwai waɗanda suka je idi da tsofaffin kaya saboda mu. Mai kaya ba ya son jin cewa yaro ne ya gudu. Sunanka ya sani, kai zai kira maƙaryaci.

Bayan sallah na gan shi yana tuƙa A Daidaita Sahu. Ya tsaya, ya sauko, ya gaishe ni har ƙasa. Na ce, "Me na yi maka?" Ya ce, "Wallahi Oga ba ka yi min komai ba. Umma ce ba lafiya, kuma wani ya ce in na ƙi karɓar mashin ɗin a ranar zai ba wani. A nan in na cire balas da kuɗin mai, kullum ina shiga gida da wani abu a hannu." Har yau ban yarda da yadda ya tafi ba. Sallama ba ta cin ko sisi, kuma da ya faɗa min da mun san yadda muka yi. Amma lissafinsa ba na rago ba ne. Mutumin da ke fita tun asuba yana yawo cikin ranar Kano har dare ba za a kira shi malalaci ba.

Wannan shi ne abin da ya bambanta zamaninsu da namu. Mu ba mu da ƙofofi da yawa, su kuwa suna da hanyoyin samun kuɗin yau a yau. Da acaba ce ke kwashe mana yara, har gwamnatin Kano ta hana ta a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Sai A Daidaita Sahu ta gaje ta. Ga teburin POS a kowace kwana, ga gyaran waya da sayar da ita a Farm Centre. Duk waɗannan ana fara ganin kuɗinsu da wuri, ɗinki kuwa sai an yi shekaru kafin hannu ya faɗa. Sannan rayuwa ta yi tsada. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita tana wajen naira 200. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yaron da ke zuwa daga Rijiyar Lemo ko Hotoro, abin da ake ba shi na mota a da ba ya kai shi ya dawo da shi. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ba a biyan albashin wata a yawancin shagunan tela, amma yara sun ji adadin, kuma da shi suke auna abin da muke miƙa musu. Uban da a da zai ce wa ɗansa ya yi haƙuri ya koyi sana'a, yanzu shi ma jira yake yaron ya shigo da kuɗin cefane.

Akwai kuma abin da ba zan ba shi uzuri ba. A 2024, lokacin da mainin, wato tara kuɗin intanet ta hanyar danna waya, ya cika gari, sai ka shigo shago ka ga keke a tsaye, kowa ya sunkuya yana dannar waya, wai ana tara maki a wani wasan waya mai suna Hamster Kombat. Wani har ce min ya yi in ta fashe, wato aka fara biyan kuɗin, ba zai ƙara taka keke ba. A ƙarshen Satumba abin ya fashe, yawancinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, aka dawo aiki jiki a sanyaye. Watannin da suka tafi ba su ne suka fi ɓata min rai ba. Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da ya zauna a kan wasu yaran, cewa arziki abu ne da ke faɗowa dare ɗaya, mai zaman koyon sana'a kuma shi ne bai waye ba. Yaron da ya yarda da wannan, ko nawa ka ba shi, rabin hankalinsa yana wani wuri.

Ita wayar kanta ba na gaba da ita. Wani matashi da ya gama digiri da bautar ƙasa ya zo koyon ɗinki a wurina, shi ne ya fara ɗaukar hoton kayan da muka gama yana sawa a Instagram da WhatsApp. Ta dalilinsa muka samu masu turo yadi daga Abuja da Kaduna, mutanen da ba su taɓa taka Fagge ba. Shi ya mayar da littafin awo cikin waya, yanzu ko littafi ya ɓata awon mutum na nan. Ƙa'idata ɗaya ce: mai yanka da mai guga, wayarsu tana cikin durowa. Shaddar gezna ba ta yafe dutsen guga da aka manta a kanta.

Na gwada ɗaukar manya ma. Akwai wani dattijo da ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai kafin a rufe ta, irin masana'antun da suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Baba nake ce masa. Kafin in iso ya riga ya buɗe, ya share, ya sa wa kekuna mai. Ko allura ta karye sai ya nuna min guntun. Irin wannan riƙon amana a yau sai an tona. Amma sabon yayi ba ya shigarsa, kuma mashin ɗin kwamfuta mai yi wa riga aikin ado ko kusa da shi ba ya zuwa. Babbar matsalar ita ce bakinsa. Yaro ya karkata ɗinki kaɗan, sai zagi a gaban masu kaya, har da ambaton iyaye. Mu an yi mana haka mun shanye. Yaran yanzu ba sa shanyewa, kuma a nan ina bayansu. Sai da na zaunar da shi na ce, "Baba, gyara za ka yi musu, amma a bar zagin nan, ko don darajar furfurarka." Ya rage, bai daina duka ba.

Yadda nake yi yanzu, ba na ɗaukar sabon mutum ana gobe azumi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan babbar sallah nake ɗauka, lokacin da kasuwa ta lafa, ina da sukunin kallon halin mutum. Ba na karɓar yaro sai da wanda zai tsaya masa, uba ko kawu ko limamin unguwarsu, kuma da ƙafata nake zuwa in ga gidan. A gaban wannan mutumin muke rubuta takarda: tsawon lokacin koyo, abin da zai koya a kowane mataki, kuɗin mota da na abinci kullum, da keken da zai tafi da shi ranar da aka yaye shi. Wannan dabarar ta ƙayyade lokaci a wurin 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari na gan ta. Yaro yana yi wa ubangidansa hidima na shekarun da aka yi yarjejeniya, in sun cika a sallame shi da jari. Mu ma muna da yaye tun kaka da kakanni, sai dai mun bar shi ga ganin damar maigida, yaron yau kuwa ba ya zama a kan "wata rana". Yana son ya san ranar.

Waɗanda hannunsu ya faɗa, a kan kowace riga nake biyansu, kuma ranar Alhamis da yamma kowa yake karɓar haƙƙinsa, ko masu kaya sun biya ko ba su biya ba. In zan ci bashi in biya su, ina ci. Ma'aikacin da aka ce wa "sai an kawo kuɗi" sau biyu ya riga ya fara neman wani wuri a zuciyarsa. Ina kuma cire wani ɗan abu daga kuɗin kowa da yardarsa, ana rubutawa a littafin da kowa ke iya buɗewa, don ya taru ya zama kuɗin keke ko na aure.

Yanka ma na daina ɓoye shi. Iyayen gidanmu sukan riƙe almakashi har ƙarshe, domin sun san ranar da yaro ya iya yanka ya zama tela mai zaman kansa. Yau in ka hana shi, zai kalla a YouTube da daddare, ya kuma riƙe ka a rai cewa ka yi masa rowar ilimi. Gara ya koya a teburina, a kan yadi mai araha, ina tsaye a kansa.

Wajen gane mai amana kuwa, ba saurin hannu nake fara dubawa ba. Kowane mai koyo sai ya ɓata aiki. Ina jiran ranar ne in ga abin da zai yi. Wani zai cusa rigar a ƙasan tuli, sai ranar karɓa a gani. Wani kuma zai ɗauko ta ya zo yana sosa ƙeya ya ce, "Oga, na yanke wuyan nan ya zarce." Wannan na biyun ko hannunsa bai kai ba ina riƙe shi, kuma ba na cire masa kuɗi a kan kuskuren da ya kawo da kansa. In ka hukunta mai faɗin gaskiya, sauran sun ga abin da za su yi gobe.

Akwai wata cuta da ba ta yara ba ce, tamu ce mu masu shaguna. Kana shekaru kana koyar da mutum, azumi na kamawa sai maƙwabcinka ya kira shi gefe, ya danƙa masa kuɗin kafin alƙalami, ya ce ya dawo wurinsa. Mu ne muke koya musu cewa ana iya tashi a bar aiki a kan keke, sannan mu taru muna kukan ba su da alƙawari. Ni dai duk ƙwararren da ya zo neman aiki, sai na tambaye shi inda ya baro, in kira maigidan a gabansa. A azumin da ya wuce wani ya zo, na ga aikinsa, hannu ne na gaske, kuma ina cikin tsananin buƙata. Da na kira, sai maigidansa ya ce akwai kayan mutane yankakku da ya bari. Na ce masa, "Ɗan'uwa, koma ka gama musu, ku rabu lafiya. Bayan sallah keke na jiranka a nan." Ya ce to, ya fita. Kafin magariba wani shago a layinmu ya ɗauke shi.