Ranar da Na Shiga Kogon Ogbunike da Ɗalibaina

Shekara tara ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wa yara a allo yadda ruwa ke cin dutse sannu a hankali har ya huda shi. Bana makarantarmu ta yarda mu kai 'yan ajin ƙarshe su gani da idonsu. Mun bar Abuja bayan sallar asuba, muka bi ta Lakwaja da Okene da Auchi, sai da almuru muka haye gadar Kwara daga Asaba zuwa Anacha. Nan muka kwana.

Kogon yana garin Ogbunike ne, a ƙaramar hukumar Oyi ta jihar Anambra, ba nisa da Anacha. Kafin ka kai bakinsa sai ka gangara matakala 317 cikin wani kwari mai duhuwar itatuwa. Yaran suka fara ƙirgawa da ƙarfi, wajen ta ɗari da hamsin muryoyi suka ɗauke, sai haki kawai kake ji.

A ƙasa ɗan jagora ya faɗa mana dokokin wurin: kowa ya tuɓe takalmi, kuma mace mai al'ada ba ta shiga. Mutanen garin suna girmama kogon ƙwarai, har biki suke masa duk shekara, Ime Ogba. Mu baƙi ne, muka bi. 'Yan mata biyu suka zauna a waje tare da wata malama, kuma har yanzu abin yana min ciwo, domin tun farkon zango suke tara kuɗin motar nan.

Zauren farko yana da faɗi, mutum na tsayawa sosai. Daga nan ramuka kusan goma suka rarrabu. Wanda muka bi sai da muka durƙusa, wani wurin ma da rarrafe, tocila a baki, warin kashin jemage ya cika hanci, su kuma jemagun suna ta shawagi a kanmu. Can sai ruwa. Da fari iya idon sawu, a hankali ya kai gwiwa, ƙasan yashi ne mai laushi da santsin dutse nan da can.

A nan wata yarinya ta tsaya cak. "Malam, wallahi ƙafata ta ƙi tafiya." Na ce, "Ke, kama hijabin ta gabanki, ki yi Bismillah, ina bayanki." Ta fi minti biyu tana rawar jiki, babu wanda ya yi mata dariya. Wani yaro da ya fi kowa ƙiriniya a aji shi ya juyo ya haska mata inda za ta taka, taku bayan taku.

Da haske ya bayyana muka fito inda ruwan kogon ke zuba cikin kogin Nkisa. Ƙafa ɗaya a ruwan kogo mai ɗumi, ɗaya a na kogin mai sanyi ƙalau. Yarinyar nan ta shafa bangon dutsen, yashi ya biyo tafinta, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ashe da gaske ruwa ne ya haƙa duk wannan?"

Na ce mata shi ne, kuma bai gama ba. Muka yi alwala a bakin kogin, sannan muka fuskanci matakalar nan, tufafinmu jiƙe sharkaf, 'yan matan nan biyu suna ta tambayar abin da ke ciki.