Takardar NCE da kwana 19 na zaman ɗar-ɗar a Tailan

A fasfona akwai wani hatimi da aka buga mini a filin jirgin saman Bankok ranar 22 ga Agusta, 2019, wanda yake nuna cewa na zarce wa'adin zamana a Tailan da kwana 19. Na biya tarar baht 9,500 na kuɗin ƙasar, wato baht 500 a kan kowace rana, kuma har yau idan zan miƙa fasfon nan ga wani jami'i sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk wannan ya samo asali ne daga tambaya guda wadda da na yi ta tun ina Katsina, da ko tikiti ban saya ba: shin hukumar malaman ƙasar tana ɗaukar takardar NCE a matsayin digiri?

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata firamare mai zaman kanta kafin wani dillalin aiki, wanda wani abokina ya haɗa mu, ya ce akwai makaranta a yankin Isan da ke arewa maso gabashin ƙasar tana neman malami a kan baht 20,000 a wata. Na aika masa hoton takarduna ta WhatsApp, ya duba ya ce babu matsala, in shigo da bizar yawon buɗe ido, makaranta za ta sauya mini ita zuwa ta aiki idan na iso. Na sayar da fulotina, Yayana ya cika mini sauran, na karɓi takardar wanke kai daga NDLEA, na sami biza a Abuja, na sauka a farkon watan azumi, mako biyu kafin a buɗe makarantu a tsakiyar Mayu. A jikin bizar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa an haramta yin aiki da ita. Na karanta, na kuma shiga aji na riƙe alli.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne takardun malamin baƙo a Tailan sarƙa ce, kowace tana rataye da wata. Akwai bizar aiki da suke kira Non-B, akwai izinin koyarwa daga Majalisar Malamai ta ƙasar, wadda kowa yake kira Kurusafa, akwai takardar izinin aiki daga Ma'aikatar Ƙwadago, sannan hukumar shige da fice ta tsawaita maka zama zuwa shekara guda. Wanda ba shi da lasisin koyarwa na ƙasar, Kurusafa tana ba shi izinin wucin gadi na shekara biyu, amma sharaɗinta na farko shi ne digirin jami'a. Ga mu da muka fito daga ƙasashen da ba a lissafa su cikin masu Turanci a matsayin harshen uwa ba, Najeriya kuwa tana ciki duk da cewa da Turancin muka yi karatu tun daga firamare, sai an haɗa da sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEIC mai maki 600 ko fiye. Wannan bai dame ni ba, na zauna jarrabawar a Bankok na haye. Digirin ne babu, kuma idan babu shi babu izinin Kurusafa, idan babu izinin Kurusafa makarantar gwamnati ba ta da hanyar nema maka sauran.

Ni a tunanina, shekara uku a kwalejin ilimi, da aikin koyarwa na gwaji, da shekara tara a gaban allo, sun fi ƙarfin digirin wani saurayi da ya karanta tarihi ya zo yawon duniya. Har yanzu ina ganin haka ne ta fuskar iya aiki. Amma takarda ba ta san wannan ba. Ranar da malamar da ke kula da takardun baƙi a makarantar ta ɗaga takardata tana juya ta, ta sa yatsa a kan kalmar da ke nuna satifiket ce, ta tambaye ni cikin ladabi ina ɗayar take, a ranar ya kamata in tattara kayana. Muna cikin watan Yuni, saura kusan wata guda a kwana 60 ɗin da aka ba ni, kuma kuɗin komawa yana hannuna.

Maimakon haka sai na kira dillalin. Amsarsa, wadda na ji ta fi sau ashirin a watannin nan, ita ce “mai pen rai”, wato ba komai da harshensu. Ya ce za a rubuta ni a matsayin mataimakin malami a ƙarƙashin kamfaninsa, ba a ƙarƙashin makarantar ba, ta yadda ba sai an bi ta Kurusafa ba. Wannan hanya akwai masu bin ta, haka kuma cibiyoyin koyar da harsuna da ba sa bin manhajar gwamnati ba sa ƙarƙashin sharaɗin Kurusafa, shi ya sa mafi yawan marasa digiri can suke nufa. Sai dai tana buƙatar kamfani mai rajista da zai tsaya da sunansa a gaban Ma'aikatar Ƙwadago, ni kuwa ban taɓa neman ganin takardar rajistar kamfaninsa ba, kamar yadda ban taɓa neman ya nuna mini mutum guda mai NCE da ya taɓa samar wa izinin aiki ba.

A cikin watan ne aka yi bikin girmama malamai da suke kira Wai Kru. Yara suka zo a durƙushe, suna tafiya da gwiwa, suka miƙo mini furanni a kan faranti, wata yarinya 'yar aji huɗu ta ce “Tica, na gode” da Hausar da na koya musu don wasa. Ina zaune a kan kujera a jere da sauran malamai, ana ɗaukar hoto za a sa a shafin makarantar, ni kuma abin da nake lissafawa shi ne wannan hoto hujja ce a kaina. A dokar da aka gyara a 2018, baƙon da aka kama yana aiki babu izini zai biya tarar baht 5,000 zuwa 50,000, a kore shi, a kuma hana shi neman izinin aiki na shekara biyu. Wanda ya ɗauke shi aikin tararsa ta fi haka, amma shi yana gidansu.

A farkon Yuli na biya baht 1,900 aka ƙara mini kwana 30. Sauya biza a cikin ƙasar yana buƙatar a shigar da takardu alhali akwai aƙalla kwana 15 da suka rage, wannan kuwa sai da lokacin ya wuce na sani. Turawan da muke aiki tare suka ce in tsallaka Laos in nemi sabuwar biza a Biyantiyan, babban birninta, kamar yadda suke yi, ba su san cewa mai koren fasfon Najeriya ba a cika karɓar buƙatarsa a ƙasar da ba ya zaune ba, gida ake cewa ya koma. Sai dillalin ya karɓi fasfona ya ce zai kai shi Bankok a gyara komai. Na ba shi. Ranar 3 ga Agusta wa'adina ya cika fasfo yana hannun wani, wayarsa kuma wata rana ta shiga wata rana ba ta shiga.

Babbar Sallah ta same ni a ɗaki, ko idi ban je ba saboda tsoron shingen 'yan sanda a hanya. Bambancin da ke tsakanin wanda ya kai kansa da wanda aka kama babba ne: wanda ya miƙa kansa a filin jirgi kafin ya zarce kwana 90 tara kawai zai biya, wanda aka kama kuwa ko da 'yan kwanaki ne ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara biyar, bayan zaman wurin tsare baƙi. A daren na kira gida. Yayana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, fuloti dai ƙasa ce, ka karɓo fasfonka ka dawo.” Na ce, “Yaya, albashin wata guda yana hannunsu.” Ya ce in bar musu. Malamar nan mai kula da takardu, Allah ya saka mata, ita ta yi ta kiran mutumin da harshensu har ya aiko da fasfon a motar haya, babu ko ɗigon tawada da aka ƙara a cikinsa.

Idan wani mai NCE ko difloma ya zo mini da maganar koyarwa a Tailan, ba na ce masa kada ya je. Ina ce masa ya aika takardarsa kai tsaye ga makarantar, ba ga dillali ba, ya nemi su amsa masa a rubuce ko Kurusafa za ta karɓe ta, in kuma cibiyar harsuna ce su faɗi sunan aikin da za a rubuta a izininsa da wurin da zai yi shi. Bizar Non-B a Abuja ya kamata ya same ta da wasiƙar mai ɗaukarsa aiki kafin ya hau jirgi, fasfonsa kuma kada ya kwana a hannun kowa. Yawancinsu suna jin wannan sai su ce ai dillalinsu ya ce babu matsala, ni kuma sai in ɗauko fasfon in buɗe musu shafin.

Da na dawo gida na koma firamaren da na bari, a kan albashin da na bari. Shekarar da ta biyo baya na nemi gurbin digirin ilimi da takardar NCE ɗin nan, aka ɗauke ni kai tsaye a aji biyu, kuma ranar da na je rajista na tarar ashe shekara uku kacal ake nema daga gare ni. Bashin Yaya kuwa sai da na yi wata goma sha huɗu ina biya kafin ya ƙare.