Sunan da ya sauke ni a ƙasar da ba ita na nufa ba

Shekara biyu kenan amma har yau abokan aikina ba su daina tsokanata da maganar nan ba, ni ma idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yayana da ya samo min aiki a garejin motoci a Marijampole, cikin Lituweniya, ya ce min a waya "yankin sunansa Suvalkija, kai dai ka taho zan tarye ka." Ni kuma da na sauka a Warsaw, babban birnin Polan, da ɗan banzan girman kan nan na kada a ce ban sani ba, sai na buga sunan a waya, na ga wani gari Suwalki, na ce ai shi ke nan, na yanki tikitin bas na kwanta barci abina.

Na sauka da daddare, sanyi kamar ana yanka kunnuwana da reza, ashe garin ma shi ake wa kirari da wurin da ya fi ko'ina sanyi a Polan. Na shiga wani ɗan shago in sayi shayi, na miƙa yuro, matar ta girgiza kai tana cewa zuloti, zuloti. Nan gabana ya faɗi. Ashe ko iyaka ban tsallaka ba, yayana yana can kusan kilomita 60 yana jirana a wata tashar daban a wata ƙasar daban. Da ya zo ɗaukata bai ce uffan ba sai da muka yi nisa, sannan ya fashe da dariya har da dukan sitiyari.

To wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da na ɗauki labarin na ba wani dattijo bakanike da muke aiki tare, don dai a yi raha, na ƙare da cewa "ashe ku yankin naku ma sunan garin Polan kuka ara, to ai ƙasarsu ce kenan." Mutumin nan ya ajiye sifana, ya goge hannu a tsumma a hankali, ya kalle ni ya ce "Suduva." Kalma ɗaya tak. Kwana uku ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, ni kuma ina ta cewa a raina me na yi ne haka.

Daga baya shi da kansa ya zaunar da ni da guntun Turancinsa. Sunan Suvalkija ya samo asali ne daga lardin da Rasha ta yanka a 1867 ta sa hedikwatarsa a Suwalki, lokacin duk yankin yana hannunta. Bayan yaƙin duniya na farko sai Polan da Lituweniya kowa ta ce nata ne, a 1919 aka ja layin da ake kira layin Foch, aka gwabza a garin Sejny a watan Agusta na shekarar, garin Suwalki ya faɗa ɓangaren Polan, sunan kuma ya zauna a ɓangaren Lituweniya. Wato yanki ne mai amsa sunan garin da ba ya cikinsa. A wannan Suwalkin aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 7 ga Oktoba 1920, kwana biyu kacal bayan nan Janar Zeligowski na Polan ya kwace Vilnius, babban birnin Lituweniya, ƙasashen biyu ba su sake ƙulla hulɗar jakadanci ba sai 1938. Da ya zo nan muryarsa har rawa take kamar jiya aka yi. Shi Suduva da ya fi so sunan wata tsohuwar ƙabila ne da mayaƙan Jamus masu gicciye suka murƙushe wajen 1283, kuma shi ne sunan kulob ɗin ƙwallon garinmu, wanda yanzu ni ma nake bi kamar an haife ni a nan.

Sauran 'yan ƙasar suna yi wa mutanen yankin nan tsiya wai marowata ne, ni dai ban gani ba, don bayan mun shirya dattijon ya kawo min wani kek mai tsini-tsini kamar bishiya, ana gasa shi ne a jikin sanda ana juyawa a kan wuta ana zuba ƙullun ƙwai. Ya ce sunansa shakotis, idan kuma na kuskura na kira shi da sunan da 'yan Polan suke kiransa to in nemi wani abokin. Na cinye rabi a tsaye.

Abin da ban iya faɗa masa ba saboda Turancin namu mu biyu bai kai can ba shi ne ni fa ya kamata in fi kowa gane wannan ciwon. Mahaifiyata dangin ta duk Maraɗi suke, kuma sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, alhali Katsina tana ɓangaren Najeriya. Muna yara ta Jibiya muke bi mu je biki mu dawo ba wanda ya taɓa ce mana mun je ƙasar waje. Da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ƙanwar Mama ta rasu a can, sai ta waya aka yi ta'aziyya, ina nan ina kwance injin mota ina jin kukan Mama a kunne ban da abin da zan iya yi.

Yanzu kuma 'yan gida sun gano ana kiran tsirin ƙasar nan mashigar Suwalki, kilomita 65 tsakanin Belarus da Kaliningrad ta Rasha, kullum sai ƙanina ya turo min bidiyo wai a nan yaƙin duniya zai fara, in tattara in dawo. Shi da ko kuɗin makarantarsa daga wannan mashigar suke fitowa. Jiya Mama ta karɓi wayar ta ce "wai kai ɗan nan wace ƙasa kake ne, kowa ya tambaye ni sai in rasa me zan ce." Na fara mata bayani sai ta katse ni ta ce ita dai ta ba wani mai zuwa Jamus kilishi da yaji, in san yadda zan yi in karɓa.