Sana'ar haɗa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana

Kafin 29 ga Mayu 2023, da wuya ka shawo kan manomin rani ya sayi injin ban ruwa na sola. A farashin gwamnati litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ɗan injinsa mai bakin inci biyu ko uku yana yi masa aiki, bakaniken da zai gyara shi kuma yana nan bakin kasuwa. Da aka janye tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Tun daga lokacin masu albasa, tumatir, tattasai da alkama suke zuwa nemanmu da ƙafarsu, mu masu haɗa injin sola, daga fadamun Haɗeja har zuwa na Sakkwato da Kebbi. Sana'ar ba ta da wuyar shiga, shi ya sa ta cika da waɗanda sayar da kaya kawai suka iya. Wanda ya san aikin ba ya taɓa maganar farantin sola, mai mayar da hasken rana wuta, sai ya gama da maganar ruwa.

Tambayar farko da muke yi wa manomi ita ce girman gonar da abin da zai shuka. A tsakiyar rani, tumatir ko albasa na shan ruwa kamar milimita 5 zuwa 7 a rana. Milimita ɗaya a kan hekta guda lita 10,000 ce, ke nan hekta na buƙatar kusan lita 60,000 kullum a gindin shuka. Amma ruwan da ke bin kwatar ƙasa zuwa fangali ba duka yake isa ba: ƙasa ta sha, rana ta sha, wani ya malale inda ba a so. Saboda haka muke lissafi da lita 100,000. Shinkafar rani kuwa wata magana ce daban, ruwanta ya ninka wannan, kuma gara a faɗa wa mai ita gaskiya tun kafin ya fito da kuɗinsa.

Daga nan sai rijiya. Yawancin manoman fadama suna amfani ne da ƙaramar rijiyar bututu, irin wadda shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa tun farkon shekarun 1990. Ba ma yarda da abin da aka ce rijiyar tana bayarwa, gwadawa muke yi. A ɗaura injin fetur, a bar shi ya yi awa biyu ko uku yana ja, sannan a tara duro mai cin lita 200 ana duban agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 45, rijiyar tana ba da kusan lita 16,000 a awa, kuma awa shida na rana mai ƙarfi za su kawo kusan abin da hekta ke so. In ruwan ya soma zuwa da iska ko yashi kafin awa biyu, rijiya ɗaya ba za ta ɗauki gonar ba, komai girman injin da aka sa mata. A kuma tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke tsayawa a watan Maris da Afrilu. Gwajin da aka yi a Nuwamba, ƙasa na jiƙe da ruwan damina, yana yaudarar mutum, domin a bazara ruwan kan sauka da mita biyu ko fiye. Injin da ke zaune a sama yana zuƙowa ba ya iya jan ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. In an san ruwan zai kai nan, sai a koma ga sumo, wanda ake zurawa cikin rijiyar, muddin faɗin bututun zai karɓe shi.

Akwai abin da masu sabon hannu suke yawan mantawa, wato bututun da zai kai ruwan gona. Ruwa na gogar jikin bututu yana tafiya, wannan gogayya kuma nauyi ce a kan injin, daidai da a ce an ƙara wa rijiyar zurfi. In ka tura lita 16,000 a awa ta cikin bututu mai inci biyu na tsawon mita 100, kamar ka ƙara wa injin hawan mita 10 ne. Bututu mai inci uku, tsawo ɗaya, ruwa ɗaya, abin da zai ƙara bai kai mita 2 ba. Manomi zai ce inci uku ya yi tsada, amma kuɗin ƙarin farantin da inci biyu zai ci sun fi bambancin da yake gudu. Tiyon da ya lanƙwashe da gwiwoyi barkatai su ma haka suke cinye ƙarfi.

Ga yadda lissafin yake fita. A ɗauka ruwan na mita 6 ƙasa lokacin da ake ja, tudun gonar ya ɗara bakin rijiya da mita 3, bututu da gwiwoyi sun ci mita 3, jimla mita 12. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita ɗaya yana cin wutar wat 2.7 na tsawon awa guda. Lita 100,000 zuwa mita 12 ya kama wat 3,240 na tsawon awa guda. Ƙananan injuna kusan rabin wutar da suka sha suke mayarwa aiki, don haka a ninka, ya zama kusan 6,500. A ƙasar Hausa rana na ba da kamar awa biyar da rabi na cikakken ƙarfi, in an raba sai a sami wat 1,180. A ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda zafi da ƙura da asarar waya, a tashi da kusan wat 1,600. Faranti uku ke nan masu wat 550, da injin da bai gaza wat 1,100 ba.

Shi wannan kashi ɗaya cikin uku ba ƙarin ciniki ba ne. Lambar wat da ke bayan faranti an auna ta ne yana kan zafin digiri 25. A ranar Afrilu fuskar faranti kan kai digiri 65, wanda ke rage masa kusan kashi 14 cikin 100. Ƙurar hunturu, in an yi sati biyu ba a goge ba, tana iya cin ɗaya bisa biyar. Da sassafe ake wankewa, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana na iya tsaga shi.

Kasuwa cike take da farantan da aka liƙa wa lambar ƙarya, kuma ba sai da na'ura ake fara gane su ba. Faranti mai kyau na yanzu yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowane murabba'in mita. Mai wat 550 tsawonsa ya kusa mita 2.3, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 28. Wanda bai kai tsayin mutum ba an rubuta masa 500, ajiye shi kawai. Bayan awo sai a fitar da shi rana a gwada da na'urar gwajin wuta: na gaskiya zai nuna kusan bolt 45 zuwa 50 in ba a jona shi da komai ba. Uku a jere sun kusa bolt 150, kuma dole a duba iyakar da aka rubuta a jikin kwantirola, wato akwatin da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga inji, kafin a jona. Kwantirola da yawa sun ƙone ne don wani ya ga ruwa ya ragu ya ƙara faranti na huɗu ko na biyar bai duba wannan lamba ba.

Farantan su fuskanci kudu, a karkace su digiri 10 zuwa 15, nesa da inuwa, domin reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefen faranti guda yana jan ƙarfin sauran ƙasa. Waya ta zama ta sola mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6, da mahaɗai na MC4, ba murɗe waya a naɗe da salatif ba. Haɗin da ya yi sako-sako yana zafi har ya kama wuta. A sa makunnin kashewa tsakanin faranti da kwantirola, a binne sandar ƙarfe a jona mata firam saboda tsawa, a ɗora kwantirola a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ɗan na'urar da ke kashe injin idan rijiya ta ƙafe ba ta da tsada, rashinta kuma shi ke ƙona sumo, domin ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. A rataye sumon aƙalla mita ɗaya sama da ƙasan rijiya, in ba haka ba yashi zai cinye fankokinsa cikin rani guda.

Batir ba ya cikin wannan aiki. Shi ne ya fi komai tsada, shi ne kuma ke fara mutuwa. In ana son ruwa da yamma ko da asuba, ruwan ake tarawa a tanki ko a kududdufin da aka shimfiɗa wa leda. Manomin da ya saba injin fetur ya cika masa fangali cikin awa uku sai ya sake hali: ya raba gonar gida uku ko huɗu, yana juya ruwa daga hantsi zuwa la'asar. Maganar ɓarayi ma gaskiya ce. Masu kai farantai gida kullum su sa mai walda ya yi musu firam mai taya, domin jigila a baro ko a bayan babur na haddasa ƙananan tsagu da ido ba ya gani, sai dai a ga ruwa yana raguwa.

Tun da farashin kaya na bin dala, mun fi son yi wa manomi lissafi da litar mai maimakon naira. In yana ƙona lita 4 a rana har kwana 100, lita 400 ke nan a rani ɗaya, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike. In kuɗin kayan solar sun yi daidai da lita 1,200, rani uku sun biya shi. Wanda ke shuka sau biyu kafin damina, ko yake sayar wa maƙwabcinsa ruwa, ya fi haka saurin fita. Farantin kirki na yin shekara 25, injin da kwantirola ne za a sake kafin nan. Cikas ɗin shi ne kuɗin farko, shi ya sa biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan an kwashe amfani, ko haɗin gwiwar manoma uku masu gonaki a jere, ya fi tafiya a ƙauye. Kuɗin da a da ke tafiya gidan mai yanzu suna komawa taki da iri da leburori, mai walda da mai haƙa rijiya da yaran da muke koya wa aikin duk suna samun na cefane.

Kowace litar fetur da aka ƙona na sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Lita 400 ɗin nan sun kusa tan guda daga gona ɗaya a rani ɗaya. A taron Glasgow na 2021 Najeriya ta yi alkawarin kaiwa matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba nan da 2060, kuma irin wannan aiki na cikin 'yan wuraren da rage hayaƙi da ƙaruwar arzikin talaka suke tafiya a hanya ɗaya. Abin da ke damunmu shi ne ruwan ƙasa. Tsadar mai ita ce ke sa manomi kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da rana ke ba da wutar kyauta, wasu sukan bar shi yana zuba tun safe har yamma. Taki ya wanke, saiwar tumatir ta ruɓe, gishiri ya taso saman ƙasa, rijiyar maƙwabci mai gajeren bututu ta ƙafe a Afrilu. Don haka ba ma sa wa gona injin da ya fi buƙatarta, ko da mai ita yana da kuɗin babba, kuma muna sa wa tanki ƙwallon da ke kashe injin in ya cika.

Idan damina ta kawo kai, fadama za ta cika. A zaro sumon, a wanke shi da ruwa mai tsabta, a toshe bakin rijiyar da murfi don kada laka ta shiga, a naɗe wayoyi inda ɓera ba zai kai ba. Farantan a jingine su a tsaye cikin ɗaki, da kwali a tsakaninsu, kada a ɗora musu buhun hatsi.