Abin da na koya daga rayuwar Mel Martinez a gundumar Orange

A darasin da muka yi kan tsarin ƙananan hukumomi a ƙasashen duniya, an ba ni aikin nazarin gundumar Orange da ke jihar Florida ta Amurka, kuma a cikin takardun gundumar ne na ci karo da sunan Mel Martinez. An haife shi a garin Sagua la Grande na ƙasar Kuba a shekarar 1946. A 1962, yana da shekara 15, iyayensa suka sa shi a jirgi shi kaɗai zuwa Amurka ƙarƙashin shirin Pedro Pan, wanda cocin Katolika ta taimaka wajen gudanarwa, aka kwashe yara fiye da 14,000 daga Kuba bayan Fidel Castro ya karɓi mulki. Ya sauka bai jin Turanci, ya zauna a sansanin yara, daga baya aka ba da shi riƙo a gidajen Amurkawa a birnin Orlando, kuma sai a 1966 iyayensa suka iso.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne garin da ya tashi a ciki. Da Miami aka ajiye shi, inda 'yan Kuba suka yi cincirindo har suna da unguwanninsu da gidajen rediyonsu, da sai a ce 'yan uwansa ne suka ɗaga shi. A Orlando na wancan zamani kuwa mutanen Kuba 'yan ƙalilan ne, saboda haka duk ƙuri'ar da zai nema wata rana dole ta fito daga hannun waɗanda ba su haɗa harshe ko asali da shi ba. Ya yi karatu a Jami'ar Jihar Florida, ya sami digirin farko a 1969 da na lauya a 1973, sannan ya koma Orlando ya shafe kimanin shekara 25 yana aikin lauya, galibi a shari'o'in neman diyya ga waɗanda suka ji rauni. Wannan aiki ne da ke sa mutum ya zauna da direban da ya karye ko matar da mijinta ya rasu a haɗari, ya saurari lissafin kuɗin asibiti da na hayar gida, kuma ina ganin a nan ya koyi sauraron talaka kafin ya taɓa hawa dandalin kamfe.

Darasin da ya fi zauna mini a rai yana cikin ƙananan muƙaman da ya riƙe kafin zaɓe. Ya shugabanci hukumar gidaje ta Orlando, ya kuma shugabanci hukumar ruwa da wutar lantarki ta birnin, kujerun da masu neman suna ba sa rububinsu domin ba abin da ke cikinsu sai kasafin kuɗi da ƙorafin jama'a. Da aka zaɓe shi shugaban gundumar Orange a 1998, ya riga ya san inda takalmi ke matsa wa mutane. Yawan jama'ar gundumar ya tashi daga kimanin 677,000 a 1990 zuwa kusan 896,000 a 2000, makarantu suka cika har ana girka azuzuwan wucin gadi a filin wasa. Sai ya kafa ƙa'idar da aka riƙa kira da sunansa: ba za a amince wa mai gina rukunin gidaje ya ƙara yawan gidaje a wani yanki ba matuƙar makarantun wurin ba za su iya ɗaukar yaran da za su zo ba. Masu gine-gine ba su ji daɗi ba, ga shi kuma ɗan jam'iyyar Republican ne wadda aka sani da ɗasawa da 'yan kasuwa.

Ba zan ba da labarin nan kamar ƙoƙarinsa kaɗai ya kai shi ba. Dokar da Amurka ta yi a 1966 ta sauƙaƙa wa 'yan Kuba samun takardar zama ta dindindin, gatan da 'yan Haiti da suka tsallaka teku guda ba su samu ba, kuma wanda bai san wannan ba zai yi wa sauran baƙi hukuncin da bai dace ba.

Daga baya Shugaba George W. Bush ya naɗa shi ministan gidaje a 2001, ya kuma shiga Majalisar Dattawa a 2005 a matsayin ɗan asalin Kuba na farko a cikinta. A can ya goyi bayan gyaran dokar shige da fice da zai ba baƙi marasa takardu hanyar zama 'yan ƙasa, ya sha suka daga 'yan jam'iyyarsa, dokar ba ta wuce ba, kuma ya ajiye kujerar a 2009 tun wa'adinsa bai cika ba. A nawa nazarin, shekara biyu da ɗoriya da ya yi a gunduma sun fi taɓa rayuwar mutanen Orlando fiye da zamansa a Washington.